Yadda Cartier-Bresson ke ɗaukar hoton mutane ba su ankara ba

Malam, ka tambayi yadda Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da aka kafa Magnum (ƙungiyar masu ɗaukar hoto) da shi a 1947, yake ɗaukar hoton mutane a titi ba su sani ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙaramar kyamarar Leica da gilashin gaba mai 50mm, wanda ke nuna abu kusan yadda ido ke ganinsa. Ƙarfenta mai sheƙi yakan rufe shi da baƙin tef don kada ya ja hankali, kuma ba ya haska filasha.

Sauran aikin haƙuri ne. Yakan zaɓi wuri, ya jira mutum ya shigo. Dubi hotonsa na 1932 a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a birnin Paris: mutum ya daka tsalle, diddigensa saura ƙiris ya taɓa ruwa. Da ya makara kaɗan, da inuwar cikin ruwan ta wargaje.

Masu koyo sukan tsaya saita kyamara bayan abu ya fara faruwa, sai hoto ya dushe. Ka saita tun da wuri: nisan da gilashi zai mai da hankali a kai mita 4, faɗin ƙofar da haske ke shiga f/8, saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa da rana.