Me ya kawo kwanson halittun teku cikin duwatsun Sakkwato?

Tambaya: Wani mai karatu daga Wamakko ya ce a wajen haƙar dutsen siminti na Kalambaina yana ganin kwanson katantanwa da wasu masu kama da makankari a manne cikin farin dutse. Ina Sakkwato, ina teku? Wa ya kawo su?

Amsa: Malam, ba wanda ya kawo su. Nan suka rayu, nan suka mutu. Tekun ne ya tarar da wurin, daga baya ya janye.

Sau biyu ruwan teku ya malalo ƙasar Sakkwato, wadda ke cikin yankin da masana ke kira kwarin Iullemmeden, wanda ya haɗa Sakkwato da Tawa da gabashin Mali. Na farko kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce, na biyu wajen shekaru miliyan 60. Reshe ne na tsohon tekun Tethys da ya ratso Sahara, ruwa mai ɗumi, marar zurfi sosai. Dutsen Kalambaina na zuwan na biyu ne, haka ma wanda ake haƙa a Malbaza ta Nijar. Shi kansa dutsen yawancinsa kwanso ne: manya da kake gani, da ƙanana birjik waɗanda sai da madubin likita. Suna mutuwa suna zuba ƙasan ruwa, laka ta rufe su, nauyi ya danne, sinadarin da ke narkewa daga jikinsu ya liƙe su suka zama dutse.

Amma abin da ya fi burge ni a aikin nan ba samun kwanson ba ne, yadda ya kwanta ne. Ka duba makankari na gulbin Rima. Ɓari biyu ne da jijiya ta haɗa, yana mutuwa jijiyar ta ruɓe su rabu. To in ka ga kwanso a dutse ɓari biyunsa a haɗe, a rufe, manya da ƙanana a gauraye, ka san an binne shi inda yake zaune, cikin ruwa mai kwanciyar hankali, ko kuma laka ta auka masa farat ɗaya. In kuwa ɓari ɗaiɗai ne, a farfashe, gefensu a goge, girmansu kusan ɗaya, to igiyar ruwa ce ta tankaɗe su ta tara, wato kana kusa da gaɓa. Ruwa mai gudu yakan bar su a kife kamar ƙwarya, don a haka ne ba ya iya sake ɗaga su. Shimfiɗa siririya ta farfasassun kwanso a tsakiyar laka mai laushi kuwa galibi aikin guguwa ce guda ɗaya.

Akwai kuma tarin da ba ruwa ya kwaso ba, daɗewa ce kawai. Idan laka ta daina sauka, kwanso kan jima a fili, ƙananan halittu su huhhuje shi, wasu su manne a bayansa. 'Yar shimfiɗa irin wannan na iya ɗauke da dubban shekaru.

Irin halittar ma shaida ce. Bushiyar teku, wata 'yar dunƙulalliyar halitta mai ƙayoyi a jiki, wadda ake samu da yawa a Kalambaina, ba ta jure ruwan da gishirinsa ya ragu, don haka teku ne sosai. Kawa kuwa tana iya zama a bakin kogi inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. A ƙarƙashin farin dutsen akwai yumɓun Dange mai ma'adinin jibsam da dunƙulen ma'adinin fosfat da haƙoran kifi, alamar ruwa mai laka kafin ya washe. Can ƙasa kuma, a duwatsun Dukamaje, aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. A sama duka sai jan dutse da rairayin Gwandu, waɗanda koguna suka zuba bayan teku ya tafi.

Ina roƙonka abu guda. In ka ga mai kyau, ɗauki hotonsa yadda yake a jikin dutsen kafin ka ɓamɓare, ka lura da shimfiɗar da ya fito da abin da ke samanta da ƙasanta, sannan ka kai wa malaman sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.