Cakuɗa disjonkter na kamfanoni dabam-dabam cikin tabulo ɗaya: amsa ga mai gini a Damagaram

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Liyon ta ƙasar Faransa yana gina gida a Damagaram. Ya aika da disjonkter, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa, guda goma na kamfanin Legrand, sai ya tarar mai aikin kuran ya riga ya kafa tabulo, akwatin da ke raba wutar gida, da kayan wani kamfani da ya saya a Kasuwar Dole. Mai aikin ya ce a haɗa su wuri ɗaya tunda duk suna hawa kan ƙarfe guda. Yana tambaya ko ya yarda.

Ɗan'uwa, maganar mai aikinka rabinta gaskiya ce. Ƙarfen DIN da ake maƙala su a kai faɗinsa milimita 35 ne a ko'ina, kuma kowane disjonkter yana cin kusan milimita 18. Hawa kam za su hau. Matsalar tana wajen matajin jan ƙarfe da ke raba musu wuta daga sama. Kowane kamfani yana da tsayin da yake ajiye bakin da haƙorin matajin ke shiga, da zurfinsa, da gefen da wayar nutur take. A kayan Faransa nutur tana hagu, a wasu kuwa tana dama. Idan tsayi ya bambanta ko da milimita biyu ne, sai an lanƙwasa matajin kafin ya shiga, ko kuma haƙorin ya zame ta bayan maƙalin. A ɗaure sukuru tam, a ga fitila ta kama, a ce aiki ya yi, alhali haƙorin taɓawa kawai yake. Wurin nan ne ke ɗaukar zafi idan an kunna na'urar sanyaya ɗaki ko injin jan ruwa, roba ta yi baƙi ta narke. Disjonkter ba zai yanke ba, don shi yawan ampiya yake aunawa, kuma sakwarkwacewar haɗi ba ta ƙara ampiya. Wasu samfura ma, irin Resi9 XE na Schneider, ba sukuru suke amfani da shi daga sama ba, cusawa ake yi, kuma matajinsu kaɗai suke karɓa.

To, shawara ita ce kowane layi a cikin tabulo ya zama na kamfani ɗaya kuma samfuri ɗaya: diferansiyal (na'urar da ke yanke wuta idan tana zurarewa, don kare mutum), mataji da disjonkter. Tunda naka goma ne, ka ƙara aiko da diferansiyal biyu na Legrand masu 30 mA da matajinsu, a ba su layinsu. Ƙa'idar Faransa, NF C 15-100, ba ta yarda a wuce disjonkter takwas a ƙarƙashin diferansiyal ɗaya ba, kuma abin koyi ne a gida. In dole ta sa sai baƙo guda ya shiga layin, kada a tilasta masa mataji, a ja masa guntuwar waya: 10 mm² idan diferansiyal ɗin na ampiya 40 ne, 16 mm² idan na 63 ne.

Sannan ka sa a karanta maka rubutun da ke fuskar kowanne, don suna kaɗai ba ya isa. C16 na nufin ampiya 16, harafin C kuwa yana nuna yawan wutar da ke sa ya yanke nan take. Mai B yana yankewa nan take idan wuta ta ninka ampiyar da aka rubuta sau uku zuwa biyar, mai C biyar zuwa goma, mai D goma zuwa ashirin. Saka B a layin injin famfo, ya dinga faɗuwa duk lokacin da injin ya tashi. Daga nan ne masu aiki ke yin kuskuren da ya fi kowanne muni, su cire shi su sa mai ampiya 32 don a huta. Waya ce ke yanke girman disjonkter: 1,5 mm² iyakarta 16, 2,5 mm² iyakarta 20, 6 mm² ce ke ɗaukar 32. Lambar da ke cikin ɗan akwati, 3000, 4500 ko 6000, ita ce ƙarfin da zai iya katsewa idan wayoyi suka haɗu. Kada sabon ya gaza wanda aka cire.

Akwai kuma zafin garinmu. Ana daidaita waɗannan na'urori ne a kan digiri 30, Damagaram kuwa a watan Afrilu da Mayu tana haura 40. Cikin rufaffen akwati sukan yanke tun ba su kai ampiyar da aka rubuta ba. Kada a kafa tabulo a bangon da rana ke duka.

Babban disjonkter da ke tare da kontar, wannan na NIGELEC ne, ba a taɓa shi. Idan gidan zai sami sola, ɓangaren faifai da batir yana buƙatar disjonkter na DC, wato irin wutar da batir ke bayarwa, na gida ba ya aikinsa. 'Yan'uwa da ke Amurka kuma su adana kuɗin jigila: nasu na tsarin volt 120 ne, mu 220, ga shi ba sa hawa ƙarfen DIN.

Ga waɗanda ke wannan sana'a a can waje, abin ya shafi takardu. A Ingila, ƙa'idar BS 7671 tun bugun 2018 ta ce kayan da maƙerin tabulo ya amince da su kaɗai ake sawa a ciki. Wanda ya cusa na wani kamfani, alhakin tabulon gaba ɗaya ya koma wuyansa.

Tunda ba ka nan, ka ce ƙaninka ko wanda ke tsaye kan ginin ya ɗauko maka hoton tabulon a buɗe, kafin a rufe murfi, yadda za a ga haƙoran mataji da rubutun kowane disjonkter. Ya danna maɓallin gwaji na diferansiyal a gabansa ya ga ya faɗi. Bayan wata ɗaya da tarewa, mai aikin ya dawo ya kashe wuta ya sake ɗaure kowane sukuru, kuma ka riƙe wani abu daga kuɗin aikinsa sai ranar.