Mun tara tsofaffin kaya, yaya za mu kai su Ayar?

Tambaya: Malam, ina wuni? Ruwa ya cinye garake da gidaje a ƙauyen su mijina, cikin duwatsun Ayar, wajen Timiya. Mu matan adashi mun tara buhu 6 na tufafi da jika 85. Me ya kamata mu yi? Daga wata ƴar'uwa a Mokoyo, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Amma zan faɗa miki gaskiya: kada ku ɗora buhunan nan a mota. Daga Maraɗi sai an bi ta Tawa ko ta Damagaram kafin a kai Agadas, daga can kuma Timiya ta fi kilomita 200, hanyar dutse da ƙoramu, wadda da damina ƙaramar mota ba ta shiga. Kuɗin dako kaɗai zai iya lashe kaso mai yawa na abin da kuka tara. Na taɓa ganin haka, kaya suka kwana uku a tasha, ruwa ya jiƙa su, suka yi fumfuna.

Ku ware barguna ku aika su kaɗai, don sanyin dutse ba wasa ba ne. Sauran ku sayar a babbar kasuwa, ku haɗa kuɗin ku tura wa amintaccen mutum a Agadas. Can zai sayi hatsi, sabulu, sange da maganin tace ruwa, tunda rijiyoyin da ambaliya ta shiga su ke kawo zawo.

Wajen rabo kuwa, a sa maigari da liman su tsaya. Kowace tiya a rubuta ta, a turo muku hoton takardar ta WhatsApp ku karanta wa matan ranar zubi.