Amsa ga Yaya kan kashi 5 ɗin nan na ɗaukar aiki

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na saurari muryarki. Kin ce tunda akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman me kuma muke kuka a kai. Na gane, so kike ki ji ko dokar ta ci ko ba ta ci ba. To bari in ba ki amsa kai tsaye: a takarda ta ci.

Dokar ta 2019 ce... a'a, bari in gyara, sunanta dokar 2018, amma sai Janairun 2019 Buhari ya sa mata hannu. Ita ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu ga masu buƙata ta musamman. Amma ki je ki karanta wurin da kyau, Yaya. Sun saƙala wata 'yar magana, wai "gwargwadon iko". To wa zai auna ikon? Shi daraktan da ke da ɗan ƙanwarsa a layi? Kuma kashi 5 ɗin bai hau kan kamfanonin 'yan kasuwa ba, su dai an hana su nuna wariya ne kawai.

Ni fa abin da ke ƙona min rai ba ma adadin ba ne. Kun san labarina, amma sai na sake faɗa. Aka kira ni intabiyu wata ma'aikata, hawa na biyu, ba lifta. Masinja da maigadi suka ɗauke ni cak kamar buhun masara, kekena na guragu aka bar shi a ƙasa gindin matattakala. Na sha guga tun asuba, kafin mu kai sama babbar rigar ta yamutse, hulata ta faɗi, wani ya biyo mu da ita. Ina zama shugaban kwamitin ya dube ni ya ce, "Malam, in mun ɗauke ka kullum haka za a yi?" Wallahi ko takarduna bai buɗe ba. Kuma laifin wa? Ni na gina benen? Dokar nan shekara 5 ta bayar a gyara gine-gine, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ku zaga sakatariyar da ta fi kusa da ku ku ƙirga min ƙofa nawa keken guragu zai shiga ba a ɗaga shi ba.



Don haka in za a auna dokar, kar a tsaya kan mutum nawa aka ba ofa. A tambaya: makahon da aka ɗauka, an sa masa manhajar da ke karanta rubutu a kwamfuta? Irin wannan manhaja mai suna NVDA ma kyauta ce. Ko dai an ajiye shi a kujera yana karɓar albashi, ba fayil, ba ƙarin girma? Kurma fa, wa ke yi masa fassara a taron ofis? Hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa tun 2020 take, yanzu Ayuba Gufwan ke riƙe da ita. Ita ya kamata ta fito da jerin ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya, wance ta cika, wance ba ta cika ba.

Yaya, ba da ke nake ba fa, ki yi haƙuri da ɗaga muryar. An kira sallah, zan dawo kan maganar masu sayar da gurbin aiki.