Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan CMV

Ƙanwata, kin ce gwaji ya nuna ba ki taɓa kamuwa da CMV ba, wato wata ƙwayar cuta da uwa mai ciki kan iya sa wa jaririnta, kina tambaya ko dole mai ba da maniyyin da za a yi miki amfani da shi a asibiti don ki samu ciki shi ma ya zama haka. Ni ungozoma ce, na daɗe a ɗakin haihuwa a nan Kumasi.

In ke Musulma ce, malamanmu ba su halatta maniyyin wanda ba mijinki ba, saboda nasaba. Ku zauna da malami, kuma ku tambayi likita batun ICSI, inda ake sa ƙwayar maniyyi ɗaya tak ta maigida cikin ƙwai. Na ga waɗanda suka fid da rai sun dace ta nan.

A takardar gwaji, IgG na nufin mutum ya taɓa kamuwa, ƙwayar tana kwance a jikinsa har abada. IgM yakan nuna sabon kamu, mai ba da maniyyi irin wannan ake dakatarwa. Abin tsoron shi ne mace ta kamu karon farko tana da ciki, don hakan yakan iya kurumtar da jariri. Akwai wani yaro a Aboabo, an haife shi ɓul-ɓul, sai da ya shekara uwar ta lura ko kwano ya faɗi ba ya waiwayowa. An yi zargin CMV, amma gwajin da ke tabbatarwa a makonni 3 na farko bayan haihuwa ake yinsa, lokaci ya riga ya wuce. Har yau fuskar matar nan tana cikin raina.

To in an samu mai ba da maniyyin da bai taɓa kamuwa ba, ya fi. Sai dai a yankinmu yawancin manya suna ɗauke da ita, kuma ba kasafai take bin maniyyin da aka wanke ba. Babbar ƙofarta a cikin gida take: miyau da fitsarin ƙananan yara. Gidajenmu na Zango kuwa cike suke da su. Kada ki sumbaci bakin yaro, kada ku haɗa cokali, ki wanke hannu da sabulu bayan kin yi masa tsarki. CMV ba ta da allurar rigakafi tukuna.

Don Allah kada CMV ta mantar da ke ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Gana, da HIV. Ƙa'ida ita ce a daskarar da maniyyi wata 6, a sake gwada mai shi kafin a yi amfani. Ki kuma nemi ganin sakamakon gwajin sikilarsa da idonki, har da sikila nau'in C, musamman in ke AS ce.