Kuɗin bincike ya makara, damina ta wuce: in sayi alƙaluma in kammala digirina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne na digiri na biyu a tsangayar aikin gona ta wata jami'ar tarayya a nan Arewa. Aikina gwajin takin sufa ne a kan wake, an tsara shi damina biyu. Ta farko na yi ta lafiya. Ta biyu kuwa kuɗin da malamina yake jira bai fito ba sai da ruwa ya ɗauke. Ɗakin gwajinmu sai a yi mako ba wuta, ƙasar da na ɗebo tana nan a leda. Ga shi ana ta cewa gwamnati za ta rushe TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta mayar da kuɗin bashin ɗalibai. Ina da mata da 'ya'ya biyu, shekarata uku a kan wannan karatu. Wani mai shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta ya ce in kai masa sakamakon shekarar farko, zai fitar mini da na ta biyu. Ya ce kowa haka yake yi, kuma ba wanda aka cuta tunda kundi ne za a jibge a kanta. Hankalina ya rabu biyu. Me ke faruwa da jami'o'inmu ne, kuma me zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yaye maka wannan damuwa, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka taka shagon nan.

Maganar TETFund tukuna, don tana hana mutane barci. Ba a rushe ta ba. Gaskiya ne ƙudurin gyaran haraji da aka kai majalisa a ƙarshen 2024 ya zo da shawarar a daina ba ta kaso daga 2030, kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tayar da jijiyar wuya a kai, tunda asusun nan daga yarjejeniyarta da gwamnati ta 1992 ya samo asali. Amma dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta bar ta. An haɗe harajin ilimi da wasu haraje-haraje suka zama harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100 na ribar kamfanoni, rabi na TETFund ne, asusun bashin ɗalibai na NELFUND yana da kashi 15 cikin 100 na abin da aka tara. Sai dai ka yi lissafi da kanka: rabin 4 shi ne 2, a da kuwa harajin ilimi ya kai kashi 3 tun 2023. Akwai abin sa ido a nan, amma masu tura saƙon murya a WhatsApp cewa an kulle asusu ba su karanta ko shafi ɗaya na dokar ba.

Abin da ya bar ƙasarka a leda ya fi wannan kusa da kai. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira bayan 'yan makonni, dalar da gwamnati ke bayarwa a kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Duk wani sinadarin awo da kake buƙata daga waje yake zuwa, don haka tallafin binciken da aka tsara kasafinsa a 2022 ya zama ba ya sayen rabin abin da aka rubuta. Sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, manyan jami'o'i da asibitocin koyarwa suka faɗa ciki. Shugaban jami'a da aka kawo wa takardar wuta ta ɗaruruwan miliyoyi a wata, dole ya yi rabon wuta, kuma ɗakin gwajin ƙasa ba shi ne farko a layi ba. Ƙara da asusun bai-ɗaya na gwamnati, wato TSA, tun 2015, wanda ya sa kuɗi kan bi ta hannu goma kafin ya iso gona. Ni ma an taɓa sakar mini kuɗin gwajin masara a watan Oktoba, bayan an girbe, aka kuma ce in kawo rasidin takin da na sa a watan Yuli. Wanda ke zaune a ofis yana bin shekarar kasafi, damina kuwa ba ta san ta ba. Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba, wato ya haɗiye damina guda cur, kuma har yau akwai gwaje-gwajen da ke da rami a wannan shekara.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba laifinka ba ne. To amma kalmar mai shagon nan ita ce ta hana ni sakat, domin kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin mutanen da ke da digiri uku: wai ba wanda aka cuta, kundi ne kawai.

Wa ya gaya masa kundi a kanta yake ƙarewa? Kai ka san malaminka zai ciro maƙala daga aikinka ya aika mujalla, don da ita ake masa ƙarin girma. Ɗalibi na gaba zai kafa hujja da ita. Wata rana a zauna taron bitar sakamakon damina, ko wata ƙungiyar tallafa wa manoma tana neman abin da za ta buga a takardar wayar da kai, a ɗauko adadin buhun sufa da mai shagon kwamfuta ya ƙaga a zaune a gaban fanka, a miƙa wa malamin gona. Malamin gona ya hau babur ya shiga ƙauye ya faɗa wa manomi. Manomin nan ya sayar da akuya ya sayi taki a farashin yau, ya zuba yadda aka ce masa, don ya yarda cewa daga jami'a maganar ta fito. In ya zuba fiye da kima ya yi asarar kuɗinsa, in ya gaza ya yi asarar amfaninsa, kuma har abada ba zai san daga ina cutar ta zo masa ba. Wannan a gona ke nan. Ka auna in ɗalibin kimiyyar ƙwayoyin cuta ne ya sayi sakamakon gwajin da ke nuna wane magani ke kashe wace ƙwayar cuta.

Ka dubi abin da ya sa manomi ya yarda da mu tun farko. A Samaru ta Zariya akwai filin gwajin taki da kashin shanu da aka kafa tun 1950, ana bin fili ɗaya shekara da shekaru don a ga abin da ƙasarmu ke yi in an daɗe ana noma ta. Waken nan SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, cibiyar binciken aikin gona ta IAR ta yi kusan shekara goma tana gwada shi kafin a sake shi a ƙarshen 2019, kuma amfaninsa shi ne manomin da ke feshi sau shida ko takwas ya koma sau biyu. Mutane ne suka tsuguna a rana suna ƙirga kwanso ɗaya bayan ɗaya. Da wani a cikinsu ya ce bari in cike shekara guda da ka, da duk ginin ya tashi a kan rami. Da wannan amana muke zuwa gaban gwamnati mu ce a ba mu kuɗin bincike. Duk kundin ƙarya da aka kama, hujja ce muka miƙa wa mai cewa kuɗin jami'a ɓarna ne a karkatar da shi wani wuri.

Kuma kada ya ruɗe ka da cewa ba a ganewa. Na sha zama a matsayin mai jarrabawa daga waje, kuma alƙaluman shago suna da kamanni. Sun cika tsafta. Kowane maimaici, wato fegin da aka sake yin gwaji iri ɗaya a kansa, yana bin ɗan'uwansa kamar an jera sahu, ba fegi ɗaya da ya ɓace, ba inda tsiro ya ƙi fita. Gona ta gaskiya ba haka take ba. Akuya kan shiga ta cinye layi biyu, ruwa kan kwanta a kusurwar gabas, ɗarɓa kan sauka a mako na biyar. Na taɓa tambayar wani ɗalibi littafin da yake rubutu a gona, ya miƙo mini sabon littafi fes, da biro ɗaya aka rubuta shi daga farko har ƙarshe, ba ɗigon laka ko na gumi. Na tambaye shi ranar da ya yi shuka, ya faɗi ranar da ruwa bai ma sauka a yankin ba, ga bayanan hukumar hasashen yanayi ta NiMet a gabana. Ya fashe da kuka. Na tausaya masa ƙwarai, don shi ma kuɗi ne ya makara masa kamar kai, amma ban sa hannu ba. Mai shagon da ya karɓi kuɗinsa kuwa yana can yana jiran na gaba, shi da 'yan'uwansa masu mujallun bogi da ke buga maƙala cikin kwana uku in ka tura kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne malaman da ke kawar da kai, suna cewa yaro ya sha wahala a bar shi ya wuce. Wannan tausayin a kan manomi ake ɗora kuɗinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Muna zagin mai jiƙa hatsi da mai tauye mudu, alhali shi mutum ɗaya yake cuta a ciniki ɗaya. Da shahadar wannan digirin za ka nemi aiki, da albashinta za ka ciyar da 'ya'yan nan biyu da ka ambata. Ka yi tunanin wannan da kyau, ɗana.

Yanzu ga abin yi, kuma aikinka bai mutu ba. Ƙasar da ke leda ka fito da ita yau, ka baza a kan takarda a inuwa ta sha iska ta bushe, ka tankaɗe, ka zuba a mazubi mai lamba. Busasshiyar ƙasa tana jira watanni ba tare da awon fosfaras da na tsami ya lalace ba, wadda aka ƙulle da danshi ita ce ke canzawa. Awon kuma ba dole sai a ɗakinku ba, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku kai wata cibiya ko jami'a mai wuta, kuɗin ya zo da sauƙi. Shekara ta biyu ka zauna da malaminka ku duba ko za a maimaita gwajin a noman rani inda akwai ban ruwa, a rubuta a fili cewa ɗaya damina ce ɗaya rani, ko kuwa a nemi kwamitin sashe ya amince a taƙaita aikin zuwa damina ɗaya tare da cikakken awon ƙasa da na ganye. Ka rubuta wa makarantar karatun gaba da digiri takardar neman ƙarin lokaci, ka faɗi dalili da kwanan watan da kuɗi ya fito, malaminka ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Ranar Litinin ka tafi ofishinsa da littafin gonarka na shekarar farko, da lakarsa da komai.