Kocin jami'a da ke karɓar wata ƙungiya a lokacin hutu: yadda abin yake a besbol na Amurka

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ƙanena yana karatu a Amurka, ya ce mini ɗaya daga cikin masu horar da 'yan besbol na makarantarsu da an yi dogon hutu sai ya tafi wani gari ya karɓi wata ƙungiya, hutu ya ƙare ya dawo. Wannan ba cin amanar makaranta ba ne? Kuma yaya ake shiga wannan sana'a?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Babu cin amana a ciki, makarantun ma da kansu suke tura yaransu irin waɗannan ƙungiyoyi na lokacin hutu.

Kakar besbol (wasan da mai jifa ke wurgo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda ya ruga yana zagaya tashoshi) ta manyan jami'o'in Amurka tana farawa a Fabrairu, ta ƙare a Yuni, lokacin da ƙungiyoyi takwas da suka rage suke haɗuwa a birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ake yin wasan ƙarshe tun 1950. Daga nan babu wasan makaranta sai wata shekara. Yaron da ke fatan zama ƙwararre ba zai zauna a gida yana hamma ba, sai ya tafi gasar bazara. Irin waɗannan gasanni suna da yawa, har Alaska akwai, amma wadda ta fi suna ita ce ta Cape Cod a jihar Massachusetts: ƙungiyoyi goma, wasa daga Yuni zuwa Agusta, ba a biyan 'yan wasa ko sisi, kuma mutanen gari ne suke saukar da su a gidajensu. Kallo ma kyauta ne, mutum ya ɗauko kujerarsa daga gida ya kafa a gefen fili.

Abin da ke kawo masu farautar 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi shi ne sanda. A jami'a da ta ƙarfe ake bugu, a Cape Cod kuwa tun 1985 sai ta katako, irin wadda ƙwararru suke riƙewa. Ta ƙarfe tana rufa wa yaro asiri, ko bai sami ƙwallon daidai ba sai ta yi nisa. Ta katako ba ta san wannan ba. In ƙwallon ta daki kusa da mariƙi, hannu ya yi zugi, wani lokaci sandar ta tsage biyu, ƙwallon kuma ta gangara gaban mai jifa. Yaron da ake yi wa kirari a makaranta sai ya yi mako biyu bai yi bugun kirki ba, kuma koci ne zai lallaɓa shi har ya dawo hayyacinsa.

A ganina aikin biyu ba su ma yi kama ba. Kocin jami'a rabin aikinsa neman yara ne, da tara kuɗi, da bin sakamakon jarrabawarsu. Shekaru da dama, har zuwa 2025, gurbin tallafin karatu 11.7 kacal doka ta yarda ya raba wa yara fiye da ashirin, kowa ya sami ɗan yanki. In nasara ta yi ƙaranci kuma a sallame shi. Kocin bazara shi kamar wanda aka ba kiwo ne: dabbobin ba nasa ba, kuma dole ya mayar da su da ƙiba, ba ɗingishi. Kocin makaranta zai bugo waya ya ce mai jifansa kada ya wuce jifa kaza, in ya cika a dawo da shi gida, ko da ana tsakiyar neman kofi. Wanda ya yi kunnen uwar shegu har yaro ya ji ciwo a gwiwar hannu, baɗi ba wanda zai sake aiko masa da ɗan wasa.

Dubi Mike Roberts. Ya riƙe ƙungiyar Jami'ar North Carolina daga 1978 zuwa 1998, ya kai ta Omaha sau biyu, a 1978 da 1989. A hannunsa B.J. Surhoff ya fito, wanda aka fara ɗauka a duk ƙasar a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin ƙwararru suka yi a 1985. Bayan ya bar jami'ar, a 2004 ya karɓi Cotuit Kettleers ta Cape Cod, ya ci kofi da ita a 2010 da 2013 da 2019. An san shi da koyar da satar tasha, wato ɗan wasa ya faki idon mai jifa ya sheƙa zuwa tasha ta gaba kafin ƙwallo ta riga shi. Ɗansa Brian Roberts ya yi irin wannan sata sau 50 a 2007 yana ƙungiyar ƙwararru ta Baltimore Orioles. John Schiffner kuwa malamin sakandare ne a jihar Connecticut, amma ya riƙe ƙungiyar Chatham ta gasar Cape Cod daga 1993 har 2017.

Hanyar shiga ba ta da daɗi. Galibi tsohon ɗan wasa ne yake farawa da taimaka wa koci, shi ne jifa wa yara ƙwallo a atisaye, shi ne gyaran fili. Kafin 2023, mataimaki na uku a manyan jami'o'i ba ya da albashi daga makaranta, da kuɗin sansanin horar da ƙananan yara yake rayuwa. Ga irin wannan mutum gasar bazara ce wurin da zai fara yanke hukunci da kansa: wa zai yi jifa yau, yaushe za a cire shi. Kuɗin kaɗan ne, amma a nan ake ganin hannunsa, a nan kuma yake sanin mutanen da za su kira shi in gurbi ya samu. Shi ya sa nake kyautata zaton kocin ƙanenka mataimaki ne ko na ƙaramar kwaleji, domin manyan masu horar da ƙungiyoyin manyan jami'o'i a kan hanya suke cinye bazararsu, suna bin wasannin 'yan sakandare.